Kwaɓin da Inna Ta Bari

"Sassauta. Ba bututu kake lanƙwasawa ba."

Mai Famfo ya sassauta hannu. Kwaɓin ya manne masa tsakanin yatsu kamar danƙo. Ya ɗaga kai ya dubi Inna, wadda ke zaune kan kujerar roba a bakin ƙofar kicin, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan wani tsohon bokiti da aka kife.

"Ɗazu kika ce in danna da ƙarfi."

"Ɗazu ɗazu ne, yanzu yanzu ne. Da gindin tafin hannu za ka tura, ka naɗo, ka juya. Yatsun nan naka masu kama da sifana ka bar su su huta."

"In ƙara fulawa? Yana kama ni."

"Kada ka soma. Duk wanda ka ga yana ta ƙara fulawa, haƙuri ne ya ƙare masa. Shafa mai a hannunka."

Ya tsiyaya mai a tafinsa ya murtsuke, ya koma kan aiki. Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi masa tun ranar Laraba, don haka ko faɗa ne ya karɓa da hannu biyu.

Benen nasu hawa uku ne, gida shida. Inna ce a can sama ɓangaren hagu, shi da matarsa a ƙarƙashinta daidai, shekara goma sha huɗu ke nan daɓenta ne rufinsu. Kowa a benen Inna yake kiranta, har waɗanda furfura ta cinye musu kai. Shi kuwa tun ranar da ya tare, ta gan shi da jakar kayan aiki a kafaɗa, ta raɗa masa Mai Famfo, sunan ya bi shi har matarsa ta ɗauka.

Abin da aka san Inna da shi burodi ne. Ba irin dogon nan na kanti ba. Wani faffaɗa ne, zagayayye kamar bakin faranti, wanda in ya ji wuta yake kumbura kamar balan-balan, in an yaga shi a tarar da fili a ciki wanda mutum zai cusa abin da ya ga dama. Yaran benen suka sa masa burodi mai aljihu. Kowace Asabar ƙamshinsa ke gangarowa ta matakala, kafin azahar kowane gida ya samu guda biyu a naɗe cikin tawul. Sharaɗi ɗaya ne: a mayar da tawul a wanke, in ba haka ba a sha magana har mako ya zagayo.

Wata biyar da suka wuce ne ta kira shi, wai ƙarƙashin wajen wanke-wankenta yana yoyo. Ya kwanta rigingine ya ɗaure abin da ya kwance. Da ya fito ya miƙe sai ya same ta a jingine da tebur, hannayenta biyu nutse cikin kwaɓi, tana haki kamar wadda ta hau dutse, leɓɓanta sun yi duhu.

"Ka ga abin da ka gani," in ji ta, bayan numfashi ya dawo mata. "Ka bar shi a nan."

Ya wanke hannu har gwiwa, sau biyu da sabulu don ta ce ba ta yarda da hannun da ke shiga magudana ba, ya karɓi kwaɓin. Mako na gaba matarsa ta hau ta gwada, Inna ta sallame ta tun kafin a yi nisa. Ta ce hannun tela ne, lallashin kwaɓin take yi kamar jariri. Tun daga nan Asabar ta zama tasa. Da safe Inna za ta buga sandarta a daɓe sau uku, ya ajiye abin da yake yi ya hau. Shi ne hannu, ita ce ido da baki. Mutanen bene suka ci gaba da cin burodinsu suna sa mata albarka.

Wahalar ba a kwaɓin take ba, a waya take. 'Yar Inna ɗaya tilo likitar haƙori ce a wani gari mai nisan tafiyar awa biyar a mota. Duk ranar Lahadi, bayan ta gama da mahaifiyarta, sai ta kira shi.

"Yaya, tsakani da Allah ya kake ganin jikinta?"

"Da sauƙi. Jiya ma har burodi aka yi."

Aka yi. Haka yake faɗa, yana lallaɓa kalmar kamar mai taka ƙaya. Matarsa, tana kan keken ɗinki, takan ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Maigida, rabin gaskiya fa ƙanwar ƙarya ce, uwarsu ɗaya."

"Amana ta ba ni."

"Ita ma 'yar amana ta ba ka."

Ranar Larabar nan ya dawo daga aiki da la'asar ya tarar da Inna zaune a kan matakala tsakanin hawa na biyu da na uku, ledar cefane a gefenta, albasa biyu sun gangara ƙasa. Ta ce hutawa take yi. Maƙwabciyar da ke hawa na ɗaya, wadda nas ce, ta raɗa masa cewa ta fi rabin awa a wurin, ta hana kowa ya taɓa ta. Ya tsince albasar, ya ba ta kafaɗarsa, suka hau matakala tara a cikin minti goma. Da ya sauko bai ko cire takalmi ba ya kira Likita, 'yar Inna, ya gaya mata komai, daga hakin har kumburin ƙafa, har maganin da Inna ke sha rana ɗaya ta tsallake biyu. Likita ta ce ranar Asabar za ta zo ta tafi da ita.

Alhamis da Juma'a Inna ba ta amsa gaisuwarsa ba. Matarsa ta kai mata romo, ta karɓa ta yi godiya, ta ce, "Ki gaishe min da gidan rediyon naku." Ya riga ya fid da rai da Asabar ɗin nan. Sai ga shi da safe, yana shan shayi, sanda ta bugi rufin ɗakinsu sau uku.

"Tsaya haka," in ji Inna yanzu. "Kawo in gani."

Ya ɗauko kwaɓin ya kai mata. Ya yi sumul, ya daina kama hannu. Ta danna shi da yatsa ɗaya, ta zuba ido har gurbin ya ciko a hankali.

"Ya yi. Ka fara zama mutum."

Ya shafe babban kwanon silba da mai, ya sa kwaɓin ya juya shi, ya rufe da tawul mai ɗan laima, ya ajiye a kan firij inda ɗumi yake. Ya wanke hannu. Daga nan babu sauran aiki sai jira, kuma jiran nan yake tsoro. Ya jingina da bango. Hasken safiya ya shigo ta tagar kicin ya sauka kan jerin gwangwanayenta, na gishiri da na sukari da na yis, kowanne da murfin da ba nasa ba.

"Kai ka kira ta," in ji Inna.

"Ni na kira ta."

"Ko kunya."

"Inna, a matakala na same ki."

"Matakalar ubanka ce? Shekara ashirin da shida nake hawanta. In na ga dama in zauna a kai in ci abinci." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ka san gidan 'yar nan? Murhunta gilashi ne. Babu wuta, babu harshe, sai wasu lambobi ja. Na je bara na ɗora kasko, abin ya kama ƙara kamar motar asibiti. Ga mai aiki, in na ɗauki cokali ta karɓe. A can kaya zan zama, a ajiye ni a kusurwa a riƙa goge min ƙura."

"Za ta kula da ke."

"Likitar haƙori. Ni da haƙora huɗu suka rage min, a kansu za ta ƙare iliminta?"

Dariya ta kuɓuce masa. Ita ma gefen bakinta ya motsa, ta yi sauri ta ɗaure fuska.

"In ta zo, kada ka ce kai ka yi kwaɓin nan."

"A'a, Inna. Wannan kam na daina."

Ta kafa masa ido. Ya sunkuyar da kai yana kallon farcensa, yana jiran saukar ruwan faɗa. Sai ya ji ta yi wata ajiyar zuciya mai kama da dariya.

"To, bar shi. Ai ba za ta gane bambanci ba ma. Ba ta taɓa sa hannu a kwaɓi ba, kuma ni na jawo. Tana ƙarama takan zo ta tsaya nan, nan inda kake, kanta bai kai tebur ba, tana miƙo hannu. In ce mata fita, je ki ɗauki littafinki. Babanta ya rasu ya bar mu mu biyu, na rantse hannunta ba zai ƙare a fulawa da wanke-wanke kamar nawa ba. Na kore ta daga kicin da bakina, ta tafi, ta yi ta tafiya. Yanzu in ce me? Wanda ya jefa dutse sama ai ba ya tambayar inda ya je." Ta nuna da haɓa. "Leƙa bayan ƙofar ɗaki."

Ya leƙa. Wata tsohuwar jakar tafiya ce mai ruwan ƙasa, a cike, an zuge ta, an ɗora dardumar salla a naɗe a kai.

"Jiya na haɗa. Kwana biyu ina yi, riga ɗaya in huta, riga ɗaya in huta. Zan bi ta. Amma da kaskona. In murhun gilashin ba ya so, ta saya min na mutane."

Mai Famfo ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Ban ce na yafe maka ba. Famfon can yana ɗiga. Ka gyara, kada wanda zai shigo bayana ya ce tsohuwa ta bar gida yana zubar da hawaye."

Ya sauka ya ɗauko jakarsa. Matarsa ta tambaye shi da ido, ya ce, "Ta haɗa kaya." Ta ce, "Alhamdulillahi," ta ci gaba da taka keke.

Ya koma sama, ya rufe ruwan daga ƙasa, ya kwance kan famfon. 'Yar robar da ke ciki ce ta cinye. Yana lalube a jaka yana neman daidai ita, Inna tana magana a bayansa, a hankali, tana yankewa tana ɗorawa. Labarin yadda ta koyi burodin take ba shi, wanda ya ji ya fi sau goma bai taɓa gajiya da shi ba. Lokacin da ta haifi 'yar nan ne, aka kwantar da ita ɗaki ɗaya a asibiti da wata baƙuwa da ba sa jin harshen juna. 'Yan uwan matar suka kawo mata burodin, ta yaga ta miƙo mata rabi. Kwana huɗu suka yi tare. Da hannu matar ta koya mata, a kan zanin gado: ga yadda ake turawa, ga yadda ake naɗowa, ga kaurin da ake bari, ta nuna da tsakanin yatsu biyu. Wajen wutar kuwa sai ta kumbura kumatu ta hura, suka yi ta dariya har ɗinki ya yi musu ciwo.

"Ko sunanta ban riƙe ba," in ji Inna. "Shekara biyu ina yi yana fitowa kamar tafin takalmi. Babanta yana ci yana cewa ya yi daɗi. Mutumin kirki ne, amma maƙaryaci, irinka."

"Na gode, Inna."

"Kwaɓin nan awa ɗaya zai yi kafin ya tashi. Kada ka leƙa shi. Kwaɓi ba ya son sa ido."

"To."

Ya samu robar, ya sa, ya ɗaure. Zaren kan famfon ya ɗan ci, sai da ya kwance ya naɗa masa farin tef ya sake ɗaurewa. Ya durƙusa ya buɗe ruwan daga ƙasa, ya miƙe ya murɗa, ya rufe, ya tsaya yana kallon bakin famfon. Ko ɗigo. A waje wata mota tana ta ƙoƙarin tashi tana mutuwa.

"Shi ke nan, Inna. Ya daina."

Ba ta amsa ba. Kanta ya karkata ya jingina da katakon ƙofa, hannayenta biyu a kan cinya, tafin a sama. Ta saba yin gyangyaɗi a lokacin jiran kwaɓi, don haka ya tattara kayansa a hankali don kada ƙarfe ya yi ƙara. Sai da ya zo wucewa ta gabanta ya lura ƙafarta ɗaya ta zame daga kan bokitin, kuma hakin nan da ya saba ji kamar ana jan zare a ƙirjinta, babu shi.

"Inna."

Ya durƙusa. Ya sake kira. Ya kai bayan hannunsa kusa da hancinta ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya fita bakin matakala, ya kira matarsa da muryar da ta sa ta hawo da almakashi a hannu ba ta sani ba. Ta dubi Inna, ta dube shi, ta juya ta sauka da gudu ta kira nas.

Nas ta taɓa wuya, ta taɓa hannu, ta sa abin sauraron ƙirji. Ta ciro shi daga kunnenta ta naɗe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri."

Matarsa ce ta shafe mata idanu ta gyara mata ɗankwali. Su uku suka ɗauke ta zuwa gado. Ba ta da nauyi, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan, mace mai wannan baki.

Ya fito falo ya zauna da waya a hannu. Sau biyu yana danna lambar yana kashewa. A na uku ya bari ta shiga.

"Yaya, ina hanya. Saura kamar awa biyu."

"Ke kike tuƙi?"

"Ni ce."

"Ki samu wuri ki tsaya a gefe. Zan jira."

Ya ji ƙarar mota tana raguwa, ya ji tsakuwa a ƙarƙashin taya, ya ji an kashe inji.

"Na tsaya," in ji ta, muryarta a daidai. "Ta tafi ko?"

"Yanzu. A zaune, a kujerarta. Muna hira."

"Ta sha wahala?"

"Ban ji ko tari ba. Ina nan kusa da ita, taku biyu."

"To," in ji ta. Ta sake cewa, "To." Sannan ta ce zai ji ta, ta kashe.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri, kamar yadda ya saba. Benen ya cika. Maza suka tsaya a ƙasa, mata suka hau sama. Likita ta iso da azahar, doguwar mace mai tabarau da tafiyar mahaifiyarta, ta wuce ciki ba ta ga kowa ba. Mai Famfo ya yi ta kai da kawo, takardar asibiti, mota, masu haƙa, har aka yi salla aka kai Inna makwancinta. Yana cikin waɗanda suka sauka suka karɓe ta. Da suka dawo rana ta yi sanyi, inuwar benen ta tsallaka titi.

Yana zaune a ƙasa cikin masu karɓar gaisuwa matarsa ta leƙo ta yafito shi.

"Likita na nemanka. Tana kicin."

Ya ratsa takalman da suka cika bakin ƙofa, ya ratsa falon da mata ke zazzaune ana magana ƙasa-ƙasa. A kicin ya same ta tsaye gaban firij, ta ɗaga kai. Kwaɓin ya cika kwanon ya tumbatsa, ya ɗaga tawul ɗin sama kamar hula, wani ɓangare ya zubo ta gefe ya rataya. Wani ƙamshi mai ɗan tsami ya cika wurin. Shi kam ya manta da shi sam.

"Ita ta kwaɓa wannan?" in ji Likita, ba ta juyo ba.

"Ni na kwaɓa. Ita ta auna, ita ta ce ya yi."

"Tun yaushe kake yi mata?"

"Wata biyar."

Ta juyo. Idanunta sun yi ja, amma a bushe suke.

"Wata biyar, Yaya. Duk Lahadi ina tambayarka."

"Haka ne."

"Da ka faɗa min tun farko, da akwai abin da za a yi. Ko babu, da na zo na zauna."

Ya so ya ce amana, ya ji kalmar ta yi masa ƙanƙanta a baki.

"Na yi kuskure," ya ce. "Na ga tana jin daɗin Asabar ɗin, na kasa ƙwace mata. Ki yafe min."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Ina jin muryarta a waya," ta ce. "Ina jin tana yanke magana tana jan numfashi. Na yi karatun nan, na san me ke nan. Sai in kira ka don ka ce min da sauƙi, in samu in yi barci." Ta mayar da tabarau. "Ta tafi tana fushi da ni ko? Na san ba ta son zuwa."

"Zo ki gani."

Ya kai ta bayan ƙofar ɗaki ya nuna mata jakar. Ya gaya mata kwana biyu Inna ta yi tana haɗawa. Ya gaya mata sharaɗin kasko, da maganar murhun gilashi, da ta haƙora huɗu, bai rage komai ba. A kan haƙoran ne dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye ta zama kuka. Ta durƙusa ta kifa goshinta a kan jakar. Matarsa ta zo ta dafa bayanta, shi kuwa ya koma kicin ya ba su wuri.

Ya sauko da kwanon ya ajiye a tebur. Yana tsaye yana tunanin inda zai zubar da shi ba tare da ta gani ba, sai ga su sun shigo.

"Ya lalace?" in ji Likita.

Ya sansana. Ya taɓa da yatsa, wurin ya lotsa bai ciko ba.

"Ya wuce lokacinsa. Amma irin wannan burodin yana da haƙuri. In aka fitar masa da iska aka sake murza shi da 'yar fulawa, zai yi. Sai dai ɗan tsami."

"Don ni ta sa aka kwaɓa?"

"Don ke."

Ta tura hannun rigarta sama, ta je famfo ta wanke hannu irin wankin mutanen asibiti, yatsa bayan yatsa.

"Nuna min."

Ya ce ta dunƙule hannu ta danna tsakiya. Ta danna, kwaɓin ya saki iska ya kwanta. Suka juye shi a tebur. Ya nuna mata turawa da naɗowa, ta kama nan da nan, hannunta ya fi nasa sanin iyaka. Ya yanka shi gida goma sha biyu, suka mulmula, suka jera, suka rufe. Matarsa ta jawo ƙofar kicin ta tsaya a jikinta don kada a dame su. Suka ba ƙwallayen minti goma su huta.

Ya ɗauko kaskon ƙarfen, baƙi ƙirin, mai nauyi, ya ɗora a wuta. Ya miƙa mata tsohuwar kwalbar da ake murzawa da ita.

"Daga tsakiya zuwa baki. Ki riƙa juyawa. Kada ya yi siriri, kada ya naɗe, kada farce ya huda shi. Ko ƙaramar ƙofa ya samu, iskar ta gudu."

Shi ya murza na farko ya ɗora. Burodin ya yi ƙuraje nan da can, ya ƙi tashi, ya fito a shimfiɗe.

"Garaje na yi," ya ce. "Kaskon bai yi zafi ba."

Suka jira. Ya yarfa ɗigon ruwa, ya yi tsalle ya ɓace. Na biyu ya tashi rabi. Na uku ya kumbura gaba ɗaya, ya cire shi ya sa a tawul ya rufe. Ƙamshin ya fita ta ƙarƙashin ƙofa. A falo maganar mata ta ɗauke ɗif, har ana jin hucin gas.

Likita ta gama murza nata. Bai yi zagaye ba, gefe ɗaya ya fi tsawo kamar ganye. Ta ɗaga shi a tafin hannu tana dubawa.

"In sake?"

"Ɗora shi haka."

Ta ɗora. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, fulawa ta yi fari a gaban mayafinta. Ƙananan ƙuraje suka fito a fuskar burodin. Ya ce ta juya, ta juya da yatsu, ta yarfe hannu don zafi. Suka ƙirga a zuci. Ya ce ta sake juyawa.

Da farko babu abin da ya faru. Sannan can gefen da ya fi tsawo ya ɗan ɗaga. Kumburin ya tsaya kamar mai shawara, ya matsa, ya ratso tsakiya a hankali, har ya isa ɗaya bakin. Burodin ya zauna a kan kasko cike da iska, wani siririn tururi yana fita ta gefensa, ya hau ya rufe mata gilashin tabarau. Ba ta goge ba.